Kumfar Sabulu a Kan Tiyo

Daren Laraba, Abakpa, 1976

Yau na haɗa tukunyar gas da bututun wutar da zan riƙa narka kwalabe ina yin duwatsun wuya. Na fasa taga ta biyu a zaure don iska, tukunyar kuma na bar ta waje. Sai Yaya Sale ya zaro ashana, wai haka ake gane ko tiyo yana yoyo. Na riƙe hannunsa, abin da ban taɓa yi ba. Na shafa ruwan sabulu a mahaɗin, sai ga kumfa tana tashi. Ya daɗe yana kallonta, ya mayar da ashanar aljihu, ya ce, "Ɗaure shi da kyau, Malam Audu."

Ni da tun haihuwata Auta yake ce mini!