Jirgin Shuwak

Gadarif

Ƙanena Husain,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar yankan dawa a Fashaga? Da fatan zazzaɓin nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Ƙanwarmu Jannatu da 'ya'yanta suna gaishe ka.

Na ji kana son komawa sana'armu ta su a tafkin madatsar Sitit idan an gama kaka, har wani dillali ya yi maka maganar tsohon jirgi a Shuwak. Na ji daɗi, don ba a haife mu da lauje a hannu ba. Amma kada ka yi gaggawa. Sabon jirgin ƙarfe ba ya yoyo, sai dai zai cinye duk guminka, ka rasa na raga. Tsohon na katako kuwa, in mai shi ya kula da shi, zai kai ka shekaru. Abin tsoro fenti ne, yana rufe ruɓa. Sai an kife jirgin an ƙwanƙwasa cikinsa, an kwana da shi a ruwa. Ranar Juma'a zan je in duba maka.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanka,
Sale

Gadarif

Husain,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin? Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, na rasa ta inda zan fara ne.

Na je Shuwak. Jirgin lafiyarsa ƙalau, ko ɗigo bai yi ba. Amma da muka kife shi sai na ga facin kwano a gefen hagu, mai ƙusoshi a karkace. Ni na buga su, shekarar da jirgin Ubaidullah mijin Jannatu ya daki dutse. Jirginsa ne, Husain. An shafe shi da shuɗi kawai.

Dillalin ya ce a lori aka kawo shi daga wajen Sinja, wanda ya sayar masa ma saya ya yi. Babu wanda ya san mai shi. Ka san ranar da yaƙi ya sa muka gudo daga can, Ubaidullah ya ce zai tsaya ya tsallakar da mutane kogi, ya biyo mu daga baya. Da ransa ba zai bar jirgin nan ba.

Na yi niyyar in rubuto maka ka sayi sabo, in yi shiru. Na kasa, na gaya wa Jannatu. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗebo kayan mijin nata da take wankewa tana ajiyewa, ta ba maƙwabcinmu, ta tambayi liman yadda za ta yi da takaba.

Jiya ta ce in roƙe ka ka saye shi, kada ya tafi hannun baƙo. Ni dai ban san ko zan iya zama a cikinsa ba. Shawara ta koma gare ka. Dillalin ya yarda ya jira ka gama yanka.

Ka sa Ubaidullah a addu'a.

Yayanka,
Sale