Rubutun Kanal Nawa Ne, Ba Na Bilkisu Ba

Zuwa ga Baba Alhaji Mamuda, ɗan jaridar siyasa a Abuja, ɗan ƙauyenmu na ƙasar Bunkure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Sunana Rabi, 'yar Malam Idi mai gona a ƙarshen kanal, wato hanyar ruwan noman rani. Bana na gama firamare. Ba ka san ni ba, ko da yake na taɓa tsayawa kusa da kai har ina jin ƙamshin turarenka. Na biyo ta jaridarku ne domin a cikinta aka yi mini abin da ya hana ni sukuni.

1. Ranka ya daɗe, ni na daɗe da saninka. Tsofaffin jaridun da ake rufe kwandunan tumatir da su, ni nake zare shafinka kafin a ɗaure, in adana a ƙarƙashin tabarmata. A nan na san ka fara da ɗauko labarin kotu a Kano, ka koma ɗauko na majalisa, an tsare ka zamanin soja ba ka janye rubutunka ba. A rediyo na ji ka ce kai ma ka yi korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Na kuma ji ka ce ɗan jarida ba ya buga magana sai ya san mai ita.

2. Da za ka ziyarci makarantarmu, hedimasta ya sa 'yan aji shida kowa ya rubuta abin da ke damun garinmu. Na rubuta yadda masu gonakin sama ke toshe ruwa da buhunan ƙasa, mu na ƙarshe sai shinkafa ta fara ƙonewa kafin ya iso. Nawa aka zaɓa. Amma ni in na tsaya gaban mutane muryata ba ta fita, sai aka ba ƙawata Bilkisu ta karanta. Ta karanta da kyau, ban hana ta wannan ba. Ka miƙe ka tafa mata, ka tambayi 'yar wane ne ita. Ba ka tambayi wa ya rubuta ba. Ina bayanta riƙe da farantin ruwan sha. Hedimasta ya dube ni ya kau da kai. Bilkisu ko waiwayowa ba ta yi ba.

3. Mako biyu bayan haka rubutun ya fito da sunanta da hotonta, tare da alkawarinka na kai ta makarantar kwana a Kano. An kawo mata akwati da katifa. Babanta ya sa jaridar a gilashi ya rataye a shagonsa. Yanzu 'Yar Jarida ake kiranta, sunan da nake kiran kaina a zuci ba wanda ya sani. Ba zan ɓoye maka ba, Baba, kishinta nake. Ina shanyar shinkafa a rana in hango ta ta wuce da sabon takalmi, sai in juya mata baya. Na daina bi ta ƙofar gidansu, ta bayan injin casa nake zagayawa. Na yi istigfari, abin bai tafi ba.

4. Ka sake duba rubutun. Sau uku ya ce gonar babana. Baban Bilkisu tela ne, ba shi da ko taku ɗaya a bakin kanal. Kowa a ƙauyen nan ya gane gonar da ake nufi, shi ya sa masu gonakin sama suka daina amsa gaisuwar mahaifina. Fushin ya zo gidanmu, makarantar ta tafi gidansu. Mahaifina ya ce in bar wa Allah, kuma ya ce bana ba halin sakandare.

Ga roƙona. Ka gyara sunan a shafin da aka buga shi. In kana shakka, ka aiko a zaunar da mu biyu, a ba kowa biro da takarda, kada a sa mu magana. Ban ce a kori Bilkisu ba, ko da yake wasu ranakun haka nake so. Amma in gurbin ɗaya ne, ai saboda rubutun ka bayar da shi. Ana gab da komawa makaranta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka daga waɗanda kake fallasawa, ya jiƙan mahaifanka.

Wannan karon ba mai karanta maka da murya mai daɗi. Ga sunana a ƙasa, don Allah a duba da kyau kafin a buga.

Wassalam.

Taka,
Rabi Idi