Sunayen Waɗanda Ba Su Yi Magana Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Masu Duba Makarantu na shiyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yallaɓai, ina miƙa gaisuwa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka. Ya aiki, ya zafin Jimeta?

Sunana Fadimatu, malamar aji biyar a wata firamaren gwamnati da ke tsakanin Jambutu da Damilu. Ni ce wadda ofishinka ya aiko wa takardar tuhuma kan rashin iya riƙe aji da mayar da ɗalibai 'yan siyasa. Na amsa a rubuce, na kai da hannuna, sati uku ke nan ba a ce mini komai ba. Takardar kuwa ta ce idan zangon nan ya ƙare ban rushe zaɓen monitar ajina ba, za a ɗauke ni daga ajin a naɗa wani monita. Saura kwana tara, shi ya sa na fito fili. Kada Yallaɓai ya ɗauka da fushi nake rubutu. Na manta rabon da in yi murna a wurin aiki irin ta makonnin nan, kuma jami'inka ne sanadi.

Na ɗaya: yadda na fara tsoron shiru.

Na kama aikin koyarwa a shekarar da mutanen arewacin jihar nan da na Borno suka kwararo Yola, wasu a bayan motar kaya, wasu da ƙafa. Ajina ya cika har kan taga. Abin mamaki, yara sun ninka amma hayaniya ta ragu. Duk baƙon da ya leƙo sai ya yaba natsuwarsu, ni kuma in karɓi yabon, da digirina da komai. Sai da wata uwa ta ba ni labarin yinin da suka yi kwance a gonar dawa, tafin hannunta a kan bakin 'yarta, sannan na gane irin natsuwar da nake taƙama da ita. Ba tarbiyya ce ta rufe bakin yaran nan ba. An koya musu cewa wanda aka ji muryarsa shi ake samu. Har yau kuma ba su daina zuwa ba, bana ma an kawo mini huɗu.

Na biyu: zaɓen da ake tuhumata a kansa.

Yallaɓai ya san monita yadda muka gaje shi. Malami ya duba wanda ya fi kowa tsawo, ya ba shi tsumagiya da fallen takarda, ya ce rubuta sunayen masu surutu. Mulkin farko da yaro ke ɗanɗana ke nan: ba wanda ya zaɓe ka, aikinka kai ƙara. Daga nan sai mu rubuta "dimokuraɗiyya" a allo mu ce a haddace, za ta fito a jarrabawa.

Ni da Madam Rahila ta aji huɗu, da wasu malamai uku da muke cin ƙosai tare a gindin bishiyar dogon yaro lokacin hutun safe, mun daɗe da yarda a kan 'yan abubuwa. Ba ma dukan yaro. Ɗan darakta da ɗan mai faskare benci ɗaya. Wanda amsa ta zo masa da Fulatanci ko Kanuri ko Margi ya faɗa, aji ya taya shi juyawa. A farkon zangon nan na ƙara ɗaya: aji ya zaɓi monitansa. Kwalin alli ya zama akwatin ƙuri'a. Wani ɗan takara ya yi alkawarin soke aikin gida baki ɗaya, ya sha kaye, abin da ya nuna mini ajina ya fi wasu manya wuyar ruɗi. Yagana ce ta ci, 'yar wani malamin Alƙur'ani daga Borno, mafi gajarta a layin gaba.

Na miƙa mata fallen takarda bisa al'ada. Ta juya shi ta ce, "Malama, masu surutu ai kowa yana jin su. Ni waɗanda ba su yi magana ba zan rubuta."

Shekara huɗu na yi a jami'a, babu farfesan da ya gaya mini wannan. Tun ranar, kullum tana rubuta sunayen waɗanda yini ya wuce ba a ji muryarsu ba, washegari ta tuna mini, ni kuma in neme su da tambaya mai sauƙi, in jira. Da sunaye goma sha ɗaya muka fara, suka yi ta raguwa har suka koma uku. Na saman takardar kullum shi ne na Kuve, yarinyar da goggonta ta kawo bana daga wajen duwatsun arewa. Kusan zango guda ban san yadda muryarta take ba. Ko kiran suna ake yi, hannu take ɗagawa.

Na uku: abin da ya faru ranar Talatar da jami'inka ya zo duba makarantarmu.

Jami'inka ya shiga ajina ina ofishin hedimasta karɓo alli. Ya tarar yara sun kasu rukuni-rukuni suna gardama kan lissafin da na ba su. Ya tambayi monita, ya karɓi takardar jiya daga hannun Yagana, ya ga sunaye uku. Ban ga laifinsa sosai ba, tun da ya kama aiki duk takardar da ya gani a hannun monita ma'anarta ɗaya ce. Ya kira su, ya ce su fita su durƙusa a rana, hannu sama. Yagana ta ɗaga yatsa za ta yi bayani, ya ce ba a tambaye ta ba.

Haka na dawo na samu yara ukun da suka fi kowa shiru a makarantar suna karɓar horon surutu. Kafin in buɗe baki, Kuve ta sauke hannu, ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta dubi mutumin da bai fi ta kai masa ƙugu ba, ta ce, "Baba, ba mu yi surutu ba. Yagana ya rubuta mu don ba mu magana. Kai ba ka tambaya ba."

Jimla uku, Yallaɓai. Na ƙirga. Aji ya ɓarke da tafi, wasu har kan benci, Madam Rahila ta leƙo tana tambaya ko maciji ne. Rahoton jami'inka ya kira wannan tarzoma, ya kira maganar yarinyar rashin kunya. Na yarda ta ce "ya" a wurin "ta". A Jimeta wannan ba laifin da ake kaiwa ofis ba ne, kuma ban gyara mata ba.

Tun ranar bakin Kuve bai rufu ba. Ta ba aji labarin akuyar da suka baro a gida. Ta kama ni da kuskure a allo, kuma gaskiyarta ce. Goggonta ta zo har makaranta tana tambaya, "Malama, me kuka ba shi ne?" Shekaranjiya ni da kaina na ce wa Kuve ta yi haƙuri ta bar wani ya yi magana, sai da na juya wajen allo don kada su ga fuskata.

Na huɗu: dalilin da ya sa ba zan rushe zaɓen ba.

Idan na tsaya gaban yaran nan na ce an soke ƙuri'arsu daga sama domin babba ya yi kuskure an faɗa masa, sun ɗauki darasin da babu abin da zai goge shi. Kuve kuwa za ta lissafa da kanta: ranar da ta yi magana ita ce ta jawo aka cire ƙawarta, aka ɗauke malamarta. Za ta koma shiru, kuma wannan karon tafin hannunmu ne a bakinta. Makarantar gwamnati ita ce wuri ɗaya da 'yar Borno da 'yar duwatsu da ɗan unguwar Makama za su zauna a koya musu cewa muryarsu tana da lissafi. Idan ɗauke ni za a yi, ikon ofis ne. Amma Yagana ba ni na naɗa ta ba, balle in cire ta.

Roƙona, cikin girmamawa: a janye umarnin rushe zaɓen. A hana durƙusar da yara a rana, a kuma roƙi masu dubawa su riƙa tambaya kafin hukunci. Sannan Yallaɓai ya zo da kansa, kowace rana, ba sai an sanar ba. Ba zai sha wahalar gane ajin ba, daga ƙofar makaranta zai jiyo mu. Ba na neman a hukunta jami'inka. In da hali ma a gode masa, abin da ya gagare ni zango guda shi ya yi shi cikin minti biyar.

Yaran sun san na rubuta wa ofis, domin zaɓensu ne, kuma kullum suna tambayar amsa. Jiya takardar Yagana ta zo da suna ɗaya tak. Ba ta san sunanka ba, sai ta rubuta "Ofis". Yallaɓai ya kwantar da hankali, a ajinmu wanda aka rubuta ba ya durƙusa. Tambaya mai sauƙi ake yi masa washegari, sannan kowa ya jira. Ga ta: zaɓensu yana nan?

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka, ya raya naka yaran cikin aminci. Muna saurare.

Wassalam.

Malama Fadimatu,
aji biyar, Jimeta.