Makullin da Ka Bar wa Banki

Bakin Watari,
17 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga ƙanena Ikrima,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina yi maka gaisuwa irin ta wadda ta goya ka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Fatakwal. Allah ya tsare mana kai a baƙon wuri, ya sa albarka a neman da ka fita, amin. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana dogara sanda ta je barka da ta'aziyya, wani lokacin ma sai mun bi ta mun dawo da ita. Matarka Luba da yara suna nan a gidan Baba, ba abin da ya same su. Ƙaramar ta fara tafiya, kuma duk abin da ta gani a ƙasa baki take kai shi, kamar ubanta yana ƙarami. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa ma alhamdu lillahi, dawa ce kawai ruwa ya ɗauke mata da wuri.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. Lambobinka uku ne a wurina, duka ukun a kashe suke. Luba kaɗai kake kira, ita kuwa nauyinka take ji, ba za ta iya faɗa maka abin da zan faɗa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, zan ba direban da ke kai albasa kasuwarku. Takarda dai ba a katse ta a ce sabis ne ya ɗauke.

Maganar gidanka na Dawakin Tofa ce, wanda ka saya da rancen banki. An sayar da shi tun watan Mayu. Na san Luba ta gaya maka wannan, amma ba ta gaya maka yadda aka yi ba, da kuma wanda abin ya faɗo wa a ka. Ka tuna ranar da za ka tafi, bayan cinikin riɗi ya karye maka, ka zo ka same ni ina suyar ƙuli. Ka ce ka kwashe iyali ka mayar gida, ka kulle gidan, ka sa makulli a ambulan ka kai wa mutanen bankin da hannunka. Ka ce su riƙe, su zuba 'yan haya su ci moriya, ran da Allah ya hore maka ka dawo ka fanshi abinka, yadda Baba ya fanshi gonarsa a hannun Baba Shago. Kana faɗa kana murmushi kamar ka sauke buhu daga ka. Ni ma ba zan wanke kaina ba, kai na gyaɗa maka, har na ce dabara ce mai kyau. Abin da muka tashi muka gani ke nan.

Kai kana ƙarami lokacin, ni kuwa da wayona. Shekarar da Baba ya kwanta ciwo, ya jinginar da gonar gabas wa maƙwabcinmu Baba Shago, a gaban mai unguwa, ba takarda ba sa hannu. Shekara bakwai Baba Shago yana noma ta yana cin amfaninta, kuɗin ba su ƙaru da ko sisi ba, bai kuma taɓa tambayar yaushe za a biya ba. Duk shekara in ɗorawar da ke tsakiyar gonar ta nuna, sai ya aiko wa Inna da ita kwando-kwando, ya ce ƙasa aka ba shi riƙo, ba a ba shi itace ba. Da Baba ya samu, ya kai masa kuɗinsa bayan girbi, aka sha ruwa aka yi dariya, gona ta dawo. To Ikrima, banki ba Baba Shago ba ne. Wannan na koya da ƙafata, na kuma biya kuɗin mota.

Ba su zuba kowa a gidan ba. Wata goma sha huɗu yana kulle, damina guda ta wuce a kansa. Ɓarayi suka cire tagogi da wayoyin lantarki, gara ta cinye silin, awakin unguwa suka mayar da tsakar gidan wurin kwana. Duk wannan lokacin bankin yana aiko maka da takardun gargaɗi, ana tura su ta ƙarƙashin ƙofar gidan da ba kowa a ciki, bashi kuma yana hayayyafa, ga ruwa ga tara. Daga nan sai kotu, sai jan fenti a jikin bango, sai gwanjo. Wani ɗan kasuwa daga Makoda ya saye shi a arha, tunda kango ya tarar. Na bi ta wajen kwanan baya, ya yi masa shuɗin fenti, ya sare dalbejiyar da ka dasa a ƙofa. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba, amma gini ne, ana yin wani.

Abin da ba mu sani ba shi ne kuɗin gwanjon ba su rufe bashin ba. Saura ya rage, kusan naira dubu ɗari tara. Da suka neme ka suka rasa, sai suka juya kan wanda ya tsaya maka. Ka san ko wane ne, tunda kai ka je har makarantar firamaren da yake koyarwa ka ɗauko shi a babur ya sa hannu: Malam Joel, ɗan Baba Shago, wanda kuka yi kiwo tare. Tun watan Yuni ake yanke masa rabin albashi da takardar kotu. Wata biyar bawan Allah nan yana wucewa ta ƙofar gidanmu, ya durƙusa ya gai da Inna, ya tambayi lafiyar ƙafarta, bai taɓa buɗe baki ya ce ga halin da yake ciki ba.

Yadda na gane kuwa, ranar wata Talata na je lambuna na bakin dam duba dashen albasa, sai na hango Roda, babbar 'yarsa, cikin 'yan ƙwadago, ta duƙa cikin laka tana dashe. Yarinyar da duk garin nan muka yi murna ta samu gurbin karatun jinya, har Inna ta ba ta turmin zane. Na kira ta na tambaye ta abin da ya hana ta tafiya, ta sunkuyar da kai ta ce sai baɗi in Allah ya yarda. Ban bar wurin da wannan amsar ba, ka san ni. Na wanke ƙafa na nufi gidansu, na tsare uwarta Elizabet a madafa, na ce ba zan tashi ba sai ta gaya mini. Da ƙyar ta faɗa, tana kuka, tana roƙona kada Malam ya ji cewa daga bakinta maganar ta fito. Har keken ɗinkinta ta sayar. Wallahi Ikrima, tun rasuwar Baba ban ji kunya da baƙin ciki sun haɗu mini irin na ranar ba.

Washegari na ɗaura mayafina na shiga mota sai Kano. Maigidana ya ce in jira ya raka ni, na ce ya ji da casar gyaɗarsa, bakina ya ishe ni. Na yini a kan bencin bankin nan har aka gaji da ganina aka shigar da ni wurin wani jami'i, yaro ne da bai ma kai sa'arka ba, da igiyar nan ta 'yan boko a wuya. Na tambaye shi dalilin da ya sa ba su sa 'yan haya ba, tunda an ba su makulli. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare, ya ce su ba sa riƙon gida, kuɗi suka bayar kuɗi suke jira, kuma ajiye makulli ba biya ba ne. Ya buɗe wata durowa ya ciro ambulan ɗinka, ko buɗe shi ba a yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce da ka zo ka zauna da su tun farko, da sun sassauta maka biyan, ko su bar ka ka sayar da gidan da kanka tun yana da tagoginsa, ka biya su har ka samu canji. Ya kuma ce in gaya maka sunanka ya shiga jerin waɗanda ba bankin da zai ƙara ba su rance nan kusa. Na ce wannan ma alheri ne, ya sa hannu ya rufe baki yana dariya.

Ni da ke ciniki da dillalan man gyaɗa tun kafin a haife shi, ba wannan ɗan yaron ne zai fi ni taurin kai ba. Sau uku ina komawa. A na ukun suka yarda su yafe tarar in za a biya saura a dunƙule, aka tsaya a dubu ɗari shida. Na dawo gida na jinginar da lambuna, rabona na gadon Baba, wa Alhaji Muhammadu Sani, a gaban mai unguwa da shaidu biyu. Albasar da na dasa ma na bar masa, ya biya ni kuɗin iri da na ƙwadago. Na kai kuɗin da kaina, ban fito ba sai da suka ba ni takarda mai hatimi cewa Malam Joel ya fita daga wannan magana har abada. Albashinsa na wannan watan cikakke zai shigo.

Kada ka sa damuwar lambun a ranka, kada kuma ka ce za ka ƙara shekara a can don ka tara ka fanso mini. Ni na san abin da nake yi. Man gyaɗa yana tafiya, ina cikin adashi biyu, kwasata ta farko watan azumi. In Allah ya ba da rai da lafiya, rani biyu ko uku zan karɓi abina, kuma Alhaji mutum ne da muka san gidansu. Abin da ka samu ka turo, kaɗan ko mai yawa, zan karɓa ba tare da na ce komai ba, ko kuma in ce kaɗan. Ba mu talauce ba, rumbu cike yake, 'ya'yanka ba su taɓa kwana da yunwa ba. Wannan duk mai sauƙi ne, ni na ɗauka kuma zan iya.

Akwai dai abu guda da na gwada na kasa. Na lissafa abin da aka yanke wa Malam Joel na wata biyar, na ƙulle a leda na kai masa har gida. Ya karɓi takardar bankin da hannu biyu, ya yi godiya har ya ba ni kunya, amma kuɗin ya ƙi taɓawa. Ya ce ba ni na ɗauko shi a babur ba. Ya ce ba asarar albashin ce ta dame shi ba, ko shekarar da Roda ta rasa, domin wanda ya tsaya wa mutum ya san abin da ya sa hannu a kai. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ka tsallake katanga ɗaya da ke tsakaninmu ka tafi har Fatakwal ba ka leƙa ka ce masa ga abin da ake ciki ba, sai a bakin masinjan kotu ya ji, a gaban ɗalibansa. Na ɗauko ledata na dawo.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka taho gida kafin Kirsimeti, ko da kuɗin mota kaɗai ke aljihunka. Na san kunya ce ta riƙe ka, ba mugunta ba, ni na raine ka na san zuciyarka. Amma kunyar nan taka wani ne yake biyan kuɗinta. Ba mai tare ka a hanya, ba mai kama ka, maganar banki ta mutu. In 'yan zaman kashe wando na bakin tasha sun yi gulma, kwana uku ne su samu wani sabon. Ka sauka, ka gai da Inna, ka sha ruwa, sannan ka zagaya gidan Baba Shago da ƙafarka. Ledar tana nan a ƙasan akwatina, kai za ka miƙa masa, daga baya mu yi lissafi ni da kai. Ina da yaƙinin zai karɓa daga hannunka, domin mutumin da ya yi fushi irin wannan bai gama da kai ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce kullum kana cikin addu'arta, kuma ka riƙa cin abinci. Ba ta san maganar albashin ba, na bar maka ka gaya mata da bakinka. Luba da yara suna gaishe ka. Maigidana yana gaishe ka, haka yarana Naziru da Aina'u da Fadima, da Gwaggo Halimatu Sadiya wadda ta ce a tambaye ka ko ruwan Fatakwal ya fi namu daɗi ne. Elizabet ma ta ce a gaishe ka, har Roda. Ka gai da maigidan da kake zaune a wurinsa, Allah ya saka masa da alheri.

Jiya da la'asar na tarar da Malam Joel yana ɗaure karan dawa a bayan gida, na ce masa ina rubuto maka takarda, ko in sa gaisuwarsa. Ya ja igiya ya ƙulle damin. Sannan ya ce kada in sa. Ya ce gaisuwarsa tana nan ya ajiye maka, in kana so ka zo ka karɓa da kanka.

Wassalam. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Ni ce yayarka,
Kaltume.