Ganuwar da Na Yi wa Kajin Inna

Malam Mai Fili,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina mai baƙin cikin sanar da kai da ɗaukacin masu karanta wannan fili rasuwar Gajera, wadda ta auku ranar Talata da rana tsaka. Marigayiyar ta bar ƙwai uku da ba ta ƙyanƙyashe ba, da zakara guda wanda ko a jikinsa. Ita ce kaza ta biyar da muka yi rashi cikin wata ɗaya.

Ka yi dariyarka, ni ma da a jarida na karanta da na dara. Amma don Allah ka taimake ni. Tsoro nake ji, kuma ba don kajin ba.

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, shekarata hamsin da 'yan kai. Bara waccan mahaifinmu ya rasu, sai na ɗauko Inna, mahaifiyata, daga tsohon gidanmu na kawo ta wurina, don babu wanda ya rage can. Ta zo da akwati ɗaya da kwandon kaji tara da zakaransu. Watannin farko ba ta cika magana ba, abinci ma sai maiɗakina ta yi ta lallashi. Abin da kawai ke fito da ita tsakar gida shi ne kajin nan. Kowace da sunanta. Tana yi musu faɗa, tana ba su labarin mutanen da suka daɗe da mutuwa, har ta fara yi mana tsiya kamar da.

A lokacin sakakku suke a gidan. In wani abu ya firgita su sai su tashi fir su haye bishiyar mangwaron da ke bakin rijiya. Jefi-jefi shirwa kan sauko ta ɗauke ɗan tsako, Inna ta bi ta da zagi, shi ke nan. Ni ne abin ya dama. Na ga bai kamata gidan mai ilimi ya zama kasuwar shirwa ba. Sai na tuna da amsar da ka ba wani a wannan fili bara, wadda na yanke na ajiye cikin littafi. Ka ce a yi shinge da ragar waya wanda ya fi tsawon mutum, a rufe samansa, a rage wa kajin gashin fiffike don kada su yi ta dukan waya. Na bi maganarka kamar ɗalibin da ke zama a layin gaba.

Na kira mai walda muka zaɓi lungun bayan kicin. A lungun akwai tarin bulo da na saya shekara uku da suka wuce don ƙara ɗaki, ginin bai samu ba, na ɗora tsofaffin kwanon rufi a kai. Inna ta ce a kwashe tarin tukuna kafin a kewaye wurin. Ni kuwa na gyara tsayuwa na yi mata bayani kamar ina gaban aji, cewa bulon zai ba kajin inuwa, kuma bayana ba na ɗaukar kaya ba ne. Ta dube ni ta ce to, ai ni ne malami. Muka kewaye wurin da bulon a ciki. Da aka gama na tsaya ina kallon aikin, na ce wa maiɗakina duk ganuwar da na koyar a tarihi babu wadda ta kai wannan tsari. Ta ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da take yi in na ce zan gyara famfo da kaina.

Kwana shida da gamawa muka tsinci Ja a mace, an cije ta a wuya, an cinye rabin kanta. Daga nan sai Sarauniya, sai wasu biyu, yanzu ga Gajera. Kuma duka da rana abin ke faruwa, lokacin da muke wurin aiki, gidan ya yi tsit. Kullum da safe ina sa tabarau in bi wayar nan taku bayan taku ina lalube, babu huda, babu rami a gindinta, ƙofa a kulle. Na ƙara kwaɗo na biyu. Na fara yi wa maƙwabcina na hagu kallon da bai dace ba, mutumin da bai taɓa cin ko tsinkena ba. Maiɗakina ta ce kyanwar gida ce. To ita kyanwar tun da aka yi shingen ba ta da hanyar shiga. Sai dai ta wuni a waje ta ƙura wa lungun ido, gashin bayanta a tashe, ko na jefe ta da takalmi sai ta dawo. Akwai kuma wani wari da ke tashi a wurin, na ce kashin kaji ne, na sa aka wanke, bai tafi ba.

Ga abin da ya hana ni barci. Inna ta daina hutun rana. Tana ɗaukar 'yar kujerarta da sanda ta zauna bakin shingen cikin rana tana gadi, ita da likita ya ce ta guji zafi saboda hawan jini. Sau biyu maiɗakina ta tarar da maganinta na safe ba ta sha ba. Ranar da aka kashe Gajera ma tana nan, gyangyaɗi ne ya ɗauke ta 'yan mintoci, ta farka ta ga gashi a warwatse. Tun ranar take cewa ita ce ta yi sakaci. Shekaranjiya na dawo da wuri na same ta cikin shingen a durƙushe, ta tura hannu har gwiwa cikin ramukan bulon tana laluben ƙwai, don kazarta Wake-wake can take shiga ta yi su. Ɓawo kawai ta fito da shi, an huda an shanye. Da ta zo miƙewa jiri ya kwashe ta, da ban riƙe ta ba da kanta ya bugi bulon.

Da na zaunar da ita, sai ta ce mini a hankali, ba tare da ta dube ni ba, wai saura huɗu, in sun ƙare ita ma ba ta ga abin da take zaune yi ba, in mayar da ita tsohon gida. Gidan da ko mai miƙo mata ruwa babu. Malam, na san muryar nan. Da wannan muryar ta zo gidana, na kuma ɗauka mun rabu da ita.

Me zan yi? In ƙara wa shingen tsawo? Wani abokin aikina ya ce in zuba guba, wani ya ce in jona wa wayar lantarki. Ko in sayo wasu kajin masu kama da waɗanda suka mutu? Ina shiga aji ina magana a kan yaƙe-yaƙen da, hankalina yana lungun bayan kicin. In wayata ta yi ƙara sai in ɗauka mugun labari ne daga gida.

Naka,
Mai Ganuwa

*

Malam Mai Ganuwa,

Allah ya ba da haƙurin Gajera. Kafin ka ci gaba da karatun nan, ajiye jaridar ka je ka hana Inna sake tura hannu cikin bulon nan. In ya kama ka ɗauke makullin, ɗauke shi. Je ka, ina jiranka.

To, madalla. Kai da ka shekara da shekaru kana koyar da tarihi, ka fi ni sanin cewa da ɗan gari akan ci gari. Kana ta binciken wayar shingenka ko za ka ga inda ɓarawo ya shiga, ni kuwa a ganina bai shiga ba, a ciki ka same shi ka kewaye. Dubi wasiƙarka da kanka. Kafin shinge tsako kawai kuke rasawa, bayan shinge manyan kaji. Babu huda. Ga wari, ga ƙwai da ake shanyewa a cikin ramin bulo, ga kyanwar da ta wuni tana nuna maka wurin da idonta kana saka mata da takalmi. Daga nan inda nake zaune ba zan rantse ba, amma cizon wuya da cin kai da rana tsaka sun fi kama da aikin tunku, 'yar dabbar nan mai wari da ke zama a rami. Tarin bulon shekara uku mai rufin kwano kuwa gida ne da ko ni zan so haya. Da can kyanwa na zagaya shi, kajin kuma na da bishiya. Ka fitar da kyanwa, ka rage fiffike, ka rufe sama, ka sa kwaɗo biyu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wannan ne ya sa hannun Inna ya fi tsorata ni a kan ranar da take sha. Dabbar da aka ritsa a raminta cizo take yi, kuma inda ƙwai da ɓeraye suke maciji ba ya nisa. In wani abu ya cije ta ko ya karce ta, kome ƙanƙantarsa, a wanke da ruwa da sabulu a kai ta asibiti a take.

Yau ɗin nan ka kwashe huɗun da zakaransu ka sa su a keji, ko wani ɗaki da ke rufuwa. In kana son shaida, yayyafa toka kewaye da bulon, gobe ka ga sawu. Sannan ka bar ƙofar shingen a buɗe, ka samo mutum biyu masu ƙarfi da takalma masu rufe ƙafa, a riƙa ture bulon da doguwar sanda kafin a ɗaga, ɗaya bayan ɗaya, daga sama. Kada kowa ya tsaya a bakin ƙofa, a ba baƙon hanya ya fita. In an ga maciji, a ja da baya a kira wanda ya san aikin. Ramin da aka samu a ƙasa a cike shi da tsakuwa da siminti, don wataƙila yana da wata ƙofar ta bayan katanga.

Shingen naka kada ka rushe shi, kada kuma ka ƙara masa tsawo. Ba ka yi laifi da ka yi shi ba, shirwa gaskiya ce, karnukan unguwa ma haka. Ƙasansa ne ke son aiki, domin wanda ka kora ya san hanya kuma zai dawo. Duba idon ragar: in babban yatsanka na shigewa, ya yi faɗi, ka ƙara mai ƙananan ido a kai, tunda tunku na hawa. A haƙa gindin shingen kamar kamu ɗaya a binne waya, a lanƙwasa bakinta ta waje, yadda mai tono zai ci karo da ita. Duba ƙarƙashin ƙofa da kusurwoyi, nan masu walda suka fi barin kafa. A ciki kada ka bar komai da abu zai ɓuya a bayansa. Ɗaga akurkin a kan ƙafafu, ka ɗaura musu sanda a sama su samu wurin hawa, a riƙa kwashe ƙwai da ragowar tsaba kullum. Guba kuwa, kaji da kyanwa za ta fara ci. Lantarkin gida a jikin wayar da tsohuwa ke dafawa, abokin aikinka ya riƙe shawararsa.

Saura babban aikin. Kada ka sayo kaji masu kama, matar da ta raɗa wa kowace suna ba za ka ruɗe ta da launin gashi ba. Inna tana zaune cikin rana ne don ta ɗauka laifinta ne. Sauke mata wannan kayan. Je ka durƙusa ka gaya mata ita ce ta yi gaskiya tun ranar farko, kai ne ka ƙi ji. Ranar kwashe bulon ka ajiye mata kujera a inuwa, nesa kaɗan, bayan ta sha maganinta, ta riƙa ba da umarni. Ita za ta ce ga inda akurki zai zauna, ita za ta zaɓi kazar da za a sa wa ƙwai ta kwanta. Wanda ake jiran umarninsa gobe ba ya maganar tafiya yau. Jirin nan kuma a kai ta likita ya duba cikin makon nan. In muryar da ka sani ta ƙi tafiya bayan kajin sun samu lafiya, ka gaya wa likitan wannan ma.

Ka gaida maƙwabcinka na hagu da fara'a, ka ba kyanwa haƙuri. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya sa ka ji ta tana zagin shirwa kwanan nan.

Ita kuwa takardar da ka yanke ka ajiye, na nemo tawa na sake karantawa. Na yi ta bayanin tsawo da rufi, ban ce uffan a kan abin da ke cikin filin da za a kewaye ba. Na yi kuskure. In ka je durƙuson, ka ce wa Inna mu biyu ne.