Sun Daɓe Tudunka, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Saje Mamman na Rano.

Assalamu alaikum. Gaisuwar ɗa ga uba, da fatan kana cikin rahama. Na san ba a aika wa mamaci takarda, amma ƙara na kawo, kuma duk faɗin Rano ban ga wanda zan kai wa ba sai kai.

Baba, sun daɓe tudunka.

Filin yaƙin nan nake nufi, wanda ka gina da laka a daɓen shigifa bayan ka dawo daga yaƙin Bama, na zamanin Turawa. Tudu a gabas, kwazazzabo a tsakiya, rafi na fasassun kwalabe, daji na tsinkayen tsintsiya. Sojojin ɓargon kara ne, rabi ka tsoma a shuni, rabi a jar ƙasa.

Duk Juma'a, da an sauko masallaci, sai ga abokinka Kofur Audu a kan keke daga Kibiya. Mutumin da ke yini a garinsu bai ce uffan ba, a shigifarka har maƙwabta suna jin muryarsa. Wasan yaƙin da kuke yi yana da ƙa'ida: sojan da ke hawa tudu taku ɗaya yake yi, mai gangarowa biyu. Kafin sojanka ya yi harbi sai ka kwantar da kunci a ƙasa ka duba ta inda yake tsaye. In tudu ya tare maka abokin gaba, babu harbi, ko da kai ne Janar. Kakan ce, “Ƙasa ce ke yaƙi, soja rakiya ya zo.”

Rabin wasan gardama ce. Ka jiƙa babban yatsa ka karkata kwazazzabon dama, Kofur ya ce ƙarya ne, hagu ya yi, ya mayar. Sai da na girma na gane ba filin banza ba ne. Wani wuri ne a fagen yaƙi da kuka shiga kuna da yawa, ku biyu kaɗai kuka fito.

Da ka rasu bai daina zuwa ba. Na karɓi sojojin shuni, ya riƙa lallasa ni ba tausayi yana ƙyaƙyata dariya. Iyalinsa sun ce dariyarsa ta mako ke nan.

Sai bikin 'yancin kai ya zo, ƙaninka Baffa Tanimu zai yi baƙi daga Kano. Wai ɗaki mai tudu da rami abin kunya ne. Ya jira na tafi ƙauyen Nariya cirar gyaɗa, ya gayyato matan unguwa daɓe. Suka zo da madaɓai, suka yi waƙa, suka yayyafa ruwan makuba, suka bar ɗakin sumul yana ƙyalli. Ban ga laifin matan ba. Ka ba mace madaɓi ka nuna mata tudu, aiki ɗaya ta sani.

Baffa fa? Mutumin da ya ga yadda ka dawo, ya san abin da ɗakin nan ya yi maka! Ya jera sojojin a gindin bango, shuɗi da ja kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla, ya tare ni da fara'a wai yanzu ma mun fi samun wurin wasa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Baƙin kuwa fura suka sha suka tashi, ko ƙasa ba wanda ya kalla. Raina ya ɓaci, Baba, har yau bai gyaru ba. Ina gaishe shi don darajarka, amma a tsaye.

Juma'ar da ta biyo Kofur ya zo. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya daɗe a tsaye. Sannan ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora kunci a kan sabon daɓen, ya duba daga wannan bango zuwa wancan. Ya ce, “A nan duk mutuwa za su yi.” Ya fita yana tura kekensa, bai ma hau ba.

Na haƙo laka na kwaɓa, amma hannuna bai san wurin ba. Na bi shi Kibiya, na tarar da shi a ƙofar gida yana kallon hanya. Na ce ya zo ya nuna mini inda komai yake, ni zan gina. Ya dube ni kamar zai yarda, sannan ya ce, “In na ce hagu, Isiyaku, wa zai ce mini dama?”

Bai sake zuwa ba. 'Yarsa ta ce ya koma shirunsa na da.

Baba, kewarka nake yi, yau fiye da ranar da muka kai ka. Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya haɗa ka da waɗanda kuka baro a can. Ni kuma ya huce mini zuciya, don ni kaɗai na kasa. Kofur kuwa, Allah ya buɗe masa baki ko sau ɗaya kafin ya iso gare ka.

Naka har kullum,
ɗanka Isiyaku.