Jadawalin da Na Ɓata Maka

Zuwa ga Malam Sambo,

Assalamu alaikum. Na san wagga takarda ba za ta iske ka ba, amma maganar ta yi mini nauyi.

Mutanen gida lafiya lau. Innarka ta koma Maiyama wurin ƙanenka. Albasar da ka dasa a Aliero an kwashe, ta yi kyau.

Sambo, na yi maka hassada. Shekara da shekaru ni ke tsara jadawalin jarrabawa a makarantarmu ta Jega. In yi wa kowane darasi ɗigo a allo, in ja layi tsakanin duk darussa biyu da ɗalibi guda ke ɗauka, in bi su da alli mai launi. Kowane launi da lokacinsa, kuma masu layi a tsakani ba su haɗa launi. Mako biyu nake yi ina sharewa. Sai ga ka daga karatu da kwamfutarka. Ta zubo jadawali barkatai, ta tsince masu ƙarancin karo, ta haɗa rabin wannan da rabin wancan su haifi sababbi, ta sake tsincewa, kamar manomi mai ware iri kowace kaka. Kafin la'asar ta gama da launi bakwai. Ni ban taɓa yin ƙasa da tara ba.

Shugaban makaranta ya yaba maka gaban malamai. Ni fa? Wa ya taɓa ce mini sannu?

Ka tuna ranar da Tarihi da Larabci suka faɗo lokaci guda, yara suka yi cirko-cirko a baranda, aka yi ta yi maka dariya? Ni na sauya su sa'ad da aka ba ni jadawalin in kwafe. Mako guda ka yi kana neman kuskure cikin aikinka. Har gida ka same ni in taya ka dubawa. Na kuwa zauna kusa da kai ina girgiza kai.

Yanzu ni ke latsa kwamfutar. Har yau jadawalin Malam Sambo ake ce masa, kuma in na ji sai wani abu ya soke ni. Ashe ana kishi da wanda ke cikin ƙasa?

Gobe akwai taron malamai. Zan miƙe in faɗa musu abin da na yi maka.

Allah ya haskaka makwancinka. Sai mun iso.

Umaru, wanda ka yarda da shi.